Daga Dogondutsi zuwa sararin samaniya: Kumbuna uku da za su saurari karon baƙaƙen ramuka

Sunan Orsay ba baƙo ba ne a kunnen mutanen Dogondutsi. Wannan ƙaramin gari da ke kudu maso yammacin birnin Paris na ƙasar Faransa ya ƙulla ƙawance da babban birnin Arewa, kuma an shafe shekaru ana jin sunansa a ayyukan samar da ruwan sha, gina makewayi da noman rani.

Sai dai kaɗan ne suka san cewa a wannan gari na Orsay aka ɗora ɗaya daga cikin tubalan wani sabon ilimi da ya sauya yadda ake nazarin sararin samaniya. A can ne masanin kimiyya Alain Brillet da abokan aikinsa suka duƙufa tun farkon shekarun 1980 wajen ƙera na'urar da za ta iya jin girgizar da sararin samaniya da kansa yake yi.

Aikin nasu, tare da na wani masani ɗan Italiya mai suna Adalberto Giazotto, shi ya haifar da na'urar Virgo da aka gina kusa da birnin Pisa. Yanzu kuma wannan bincike na shirin barin doron ƙasa baki ɗaya. Hukumar Binciken Sararin Samaniya ta Turai, ESA, ta tsayar da shekarar 2035 don harba kumbuna uku da za su yi aiki a matsayin kunne guda, mai girman da ya zarce na rana.

Mene ne igiyoyin nauyi?

Tun kaka da kakanni, da ido ake karanta sama. Manomin Matankari ko Dankassari yana lura da ɓacewar Kaza da 'ya'yanta da dawowarta don lissafin damina. Matafiyi na duban Gamzaki ya san asuba ta kusa. Su ma manyan madubban hangen nesa na zamani, duk da ƙarfinsu, haske suke tarawa.

A watan Nuwamban 1915, Albert Einstein ya gabatar da wani bayani da ya girgiza masana. A cewarsa, sarari da lokaci kamar zane ne da aka ɗame. Idan mutum huɗu suka riƙe bakin zane, aka ɗora kabewa a tsakiya, zanen zai lotsa. Duk gyaɗar da aka gangaro za ta bi wannan lotsawa ta nufi kabewar. Haka rana take lotsa sararin da ke kewaye da ita, shi ya sa duniya take zagaya ta.

An gwada wannan bayani a gaɓar Afirka. A ranar 29 ga Mayun 1919, lokacin husufin rana, masanin Ingila Arthur Eddington ya ɗauki hotunan taurari daga tsibirin Principe da ke mashigin tekun Gini, ya nuna cewa hasken tauraro yana karkacewa idan ya gifta kusa da rana.

A 1916 Einstein ya ƙara da cewa idan abubuwa masu tsananin nauyi suka yi ta kewaya juna da gudu, lotsawar za ta bazu ko'ina, kamar yadda ruwan tabki yake yin zobe-zobe idan yaro ya jefa dutse. Waɗannan su ne igiyoyin nauyi. Duk inda suka ratsa, tazarar da ke tsakanin abubuwa takan ɗan miƙe ta wani ɓangare, ta takure ta ɗaya ɓangaren, sannan ta koma yadda take.

Matsalar ita ce ƙanƙantar motsin. Kafin igiyar ta iso duniya ta riga ta yi rauni matuƙa, har Einstein da kansa ya yi shakkar ko za a taɓa iya auna ta.

Ranar da aka fara ji

An jira shekara kusan 100. A ranar 14 ga Satumban 2015, na'urori biyu na LIGO a Amurka, ɗaya a Livingston ta jihar Louisiana, ɗaya a Hanford ta jihar Washington, suka kama girgiza iri ɗaya, da tazarar kusan kashi 7 cikin 1,000 na daƙiƙa tsakaninsu.

Kowace na'ura tana da hannu biyu masu tsawon kilomita 4, da suka haɗu kamar kusurwar ɗaki. Hasken leza na kai-komo a cikinsu tsakanin madubai, yana auna tsawonsu ba dare ba rana. A wannan rana tsawon ya sauya da abin da bai kai faɗin ƙwayar furoton ba, wadda ita kanta ɗan yanki ce a cikin ƙwayar zarra.

Lissafi ya nuna cewa baƙaƙen ramuka biyu ne suka yi karo suka haɗe. Baƙin rami wuri ne da nauyi ya dunƙule har ko haske ba ya iya kuɓuta daga cikinsa. Ɗaya ya kai nauyin rana sau 36, ɗayan sau 29, kuma karon ya faru ne kimanin shekara biliyan 1.3 da suka wuce. An sanar da duniya a ranar 11 ga Fabrairun 2016, kuma a 2017 Rainer Weiss da Barry Barish da Kip Thorne suka samu kyautar Nobel. A shekarar ce kuma cibiyar binciken kimiyya ta Faransa, CNRS, ta bai wa Brillet da Thibault Damour lambarta ta zinariya.

Na'urar Virgo, mai hannuwa masu tsawon kilomita 3, ta shiga aiki tare da LIGO a ranar 1 ga Agustan 2017. Ba a yi mako uku ba aka samu abin da ya shafi Nijar ta wata fuska da ba a zata ba.

A ranar 17 ga Agusta aka ji karon wasu matattun taurari biyu da ake kira taurarin niyutron. Haɗa bayanan na'urorin uku ya taimaka aka gano yankin sama da abin ya faru, sai madubban hangen nesa na ƙasashe da dama, har da na Afirka ta Kudu, suka juya can. A cikin hasken da ya biyo bayan karon, masana sun ga alamun ƙeruwar sinadarai masu nauyi. A yau ana ɗaukar irin wannan karo a matsayin ɗaya daga cikin manyan maƙerun da suka samar da zinariya da filatinam da yuraniyom.

Ma'ana, wani kaso na yuraniyom ɗin Arlit da zinariyar da matasa ke haƙa a Djado an ƙera shi ne a irin wannan wuta, tun kafin a yi rana da duniya.

Me ya sa sai an tafi sama?

Duk wanda ya taɓa kwana a bakin babbar hanyar da ta ratsa Dogondutsi ya san yadda ƙasa ke rawa idan tirela ta wuce. Ga na'urar da ke auna motsin da bai kai ƙwayar zarra ba, duniya ba ta taɓa yin shiru. Igiyar teku, iska, girgizar ƙasa a wata nahiya da zirga-zirgar motoci duk suna shiga cikin awo.

Masana sun iya kare madubansu daga girgiza mai sauri. Mai tafiya a hankali ce ta gagara. Don haka na'urorin ƙasa suna jin igiyoyin da ke kaɗawa sau goma zuwa sau dubbai a daƙiƙa ɗaya kawai.

Makaɗi zai fi kowa gane wannan. Ƙaramin kalangu yana da siririyar murya, tambari kuwa muryarsa na da kauri da zurfi. Haka abin yake a sama. Ƙananan baƙaƙen ramuka su ne kalangu, kuma su LIGO da Virgo suke ji. Manyan, waɗanda nauyinsu ya kai na rana sau miliyoyi, su ne tambura. Bugunsu ɗaya kan ɗauki mintoci, wani lokaci sa'o'i. Jin irin wannan yana buƙatar wurin da babu girgiza, da hannuwa masu tsawon da duniya ba za ta iya ɗauka ba.

Yadda LISA za ta yi aiki

Sunan shirin LISA. Hukumar ESA ta amince da shi a hukumance a ranar 25 ga Janairun 2024, kuma a watan Yunin 2025 ta rattaba hannu da kamfanin OHB na Jamus kan kwangilar ƙera kumbunan. Rokar Ariane 6 ce za ta ɗaga su daga Kourou a yankin Guyana na Faransa.

Kumbunan uku za su jeru kamar duwatsun murhu, da tazarar kilomita miliyan 2.5 tsakanin kowane biyu. Wannan ya ninka nisan duniya da wata fiye da sau shida. Direban da ke jigila tsakanin Yamai da Dogondutsi sai ya yi tafiyar kusan sau 9,000 kafin ya cike tsawon hannu ɗaya. Haske kansa yana ɗaukar sama da daƙiƙa 8 kafin ya ƙetare shi. Za su riƙa bin bayan duniya a kewayenta na rana, da ratar kusan kilomita miliyan 50.

A cikin kowane kumbo akwai dunƙule biyu na zinariya da filatinam, masu siffar dunƙulen magi. Tsawon kowane gefe milimita 46 ne, kusan tsawon tsinken ashana, nauyinsa kuma kusan kilo 2. Dunƙulen ba ya taɓa komai. Yana shawagi ne a cikin akwatinsa, kumbon kuma yana yi masa garkuwa daga turin hasken rana, yana gyara zamansa da ƙananan injuna don kada bango ya shafe shi.

Hasken leza zai riƙa tafiya tsakanin kumbunan yana auna tazarar dunƙulen. Idan igiyar nauyi ta wuce, tazarar za ta sauya da abin da bai kai faɗin ƙwayar zarra ɗaya ba, a cikin kilomita miliyan 2.5.

An riga an gwada ɓangaren da ya fi wuya. A ranar 3 ga Disamban 2015 aka harba wani ƙaramin kumbo mai suna LISA Pathfinder zuwa nisan kilomita miliyan 1.5 daga duniya, ɗauke da dunƙule biyu da tazarar santimita 38 tsakaninsu. Kafin a rufe aikinsa a watan Yulin 2017, ya nuna cewa ana iya barin su cikin natsuwar da ta zarce abin da aka nema.

Tambayoyin da ake son amsawa

Tambaya ta farko ita ce asalin manyan baƙaƙen ramuka. Kusan kowane babban gungun taurari yana da guda a tsakiyarsa. Na gungun da rana take ciki ya kai nauyin rana sau miliyan 4. Madubin James Webb da aka harba a watan Disamban 2021 ya hango irinsu tun sararin halitta yana ɗanye, kuma har yanzu ana muhawara kan yadda suka yi wannan girma da wuri haka. LISA za ta ji karonsu daga zamani daban-daban, ta auna nauyinsu, ta yadda za a iya bin tarihin girmansu daki-daki.

Ta biyu ita ce saurin faɗaɗar sararin halitta. Tun shekarun 1920 aka san gungun taurari suna nisantar juna. Amma manyan hanyoyi biyu na auna saurin sun ƙi jituwa: ɗaya na bayar da kusan 67, ɗayar kusan 73, a ma'auni guda. Kamar 'yan awo biyu ne a kasuwar hatsi, kowa na rantsuwa da tiyarsa. Ko dai akwai kuskure a awon, ko akwai wani abu a dokokin halitta da ba a gano ba tukuna.

Tun 1986 masani Bernard Schutz ya nuna cewa igiyoyin nauyi za su iya zama mai raba gardama, domin daga yanayin kaɗawar igiyar ana iya lissafa nisan inda ta fito kai tsaye. An gwada hakan da karon 2017, aka samu kusan 70, sai dai awon bai yi kaifin da zai yanke hukunci ba. LISA za ta kawo irin wannan awo daga wurare masu nisa sosai, wanda zai taimaka wajen fahimtar abin da ke ƙara wa faɗaɗar sauri. Masana na kiransa baƙin makamashi, kuma lissafinsu ya nuna shi ne kusan kashi 68 cikin 100 na abin da ke cikin sararin halitta. Duk taurari da duniyoyi da mutane ba su wuce kashi 5 ba.

Ta uku ita ce jarraba Einstein kansa. Wani lokaci ƙaramin baƙin rami kan faɗa tarkon babba, ya yi ta kewaya shi sau dubun-dubatai kafin a haɗiye shi. Igiyar da yake fitarwa a wannan tafiya tana zana taswirar sararin da ke bakin babban ramin. Idan taswirar ta saɓa wa lissafin 1915 ko da ƙiris ne, to an buɗe ƙofar sabon ilimi. Karon 2017 ya riga ya tabbatar da abu guda: bayan tafiyar shekara miliyan 130, igiyar da hasken sun iso da ratar daƙiƙa 1.7 kacal, alamar gudunsu ɗaya ne.

Ta huɗu ita ce mafi nisa. An ƙiyasta shekarun sararin halitta a biliyan 13.8. Haske mafi tsufa da ake iya gani ya taso ne bayan shekara 380,000 da farawa. Kafin nan komai a rufe yake, kamar ranar da hazon hunturu ya lulluɓe Dallol Mawri har ba a ganin dutsen gari. Igiyoyin nauyi kuwa hazo ba ya tare su. Idan an yi wani babban juyi a cikin daƙiƙar farko, mai yiwuwa gunjinsa yana nan yana yawo, kuma LISA na iya kama shi. Babu tabbacin za a ji, amma ko shirun ma zai kawar da wasu hasashe.

Bayan waɗannan, ana sa ran za ta tantance dubban tagwayen gajiyayyun taurari a cikin gungunmu, ta kuma yi gargaɗi kwanaki ko makonni kafin wani babban karo, don madubai su juya su jira.

Tsere da barazanar kuɗi

Turai ba ita kaɗai ke wannan hanya ba. Sin na da shiri biyu, Taiji da TianQin, kuma kowannensu ya harba kumbon gwaji a 2019. Japan ma na da nata tsarin mai suna DECIGO.

Ita LISA ta dogara da hukumar NASA ta Amurka wajen samar da na'urorin leza da madubban da za su aika haske tsakanin kumbunan. A watan Mayun 2025, daftarin kasafin kuɗin da fadar White House ta gabatar ya nemi a janye kuɗin wannan gudummawa, lamarin da ya tayar da hankalin masana a nahiyoyin biyu. Aikin da zai ɗauki shekara 10 kafin ya tashi dole ya tsallake kasafin kuɗi da sauyin gwamnatoci masu yawa.

Ina rabon Afirka?

Nahiyar ta riga ta sa ƙafa a fagen. Na'urar MeerKAT mai faranti 64 a yankin Karoo na Afirka ta Kudu tana bibiyar wasu taurari masu bugawa kamar agogo, don gano igiyoyin da suka fi na LISA kauri, waɗanda bugunsu ɗaya ke ɗaukar shekaru. A ƙarshen 2024 masu aikin suka fitar da sakamakon da ya ƙarfafa alamun da wasu ƙungiyoyi suka sanar a watan Yunin 2023. Ghana ta mayar da wani tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse zuwa na'urar binciken sama a 2017. Najeriya na da cibiyar nazarin sararin samaniya a Nsukka. A watan Afrilun 2025 kuma aka ƙaddamar da Hukumar Sararin Samaniya ta Afirka a birnin Alƙahira.

Nijar na da nata gadon. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fiziks ne da ya yi fice a binciken makamashin hasken rana, kuma sunansa jami'ar Yamai take ɗauke da shi. A 2014 aka kafa jami'ar Dosso, wadda ta karkata ga fasahar sadarwa da kwamfuta.

Wannan fanni na da wata siffa da ta dace da ƙasashe marasa ƙarfi. LISA ba ta da madubin da mutum zai je ya leƙa. Abin da za ta aiko lambobi ne, cike da muryoyi dubbai a cakuɗe kamar hayaniyar ranar kasuwa, kuma babban aikin shi ne rarrabe su da lissafi da kwamfuta. LIGO da Virgo sun daɗe suna sakin bayanansu kyauta a intanet. Akwai kuma shirin Gravity Spy, inda duk mai sha'awa zai iya taimakawa wajen tantance hayaniyar da ke gurɓata awo.

Abin da ake buƙata kafin a kai can sananne ne ga duk iyayen yara a Tibiri, Koré Maïroua ko Guéchémé: malamin lissafi da zai zauna a aji, wutar lantarki da intanet mai ɗorewa, da ɗakin gwaji a makarantar sakandare. Ƙawancen Dogondutsi da Orsay ya fi shahara ne a kan ruwa, tsafta da abinci, kuma dangantakar gwamnatocin Nijar da Faransa ta yi tsami tun bayan juyin mulkin Yulin 2023. Amma bayanan da ke intanet ba sa neman biza.

Ɗalibar da ke da shekara 14 a wata makaranta a Dogondutsi a 2025 za ta cika 24 a shekarar da aka tsara harba kumbunan, daidai lokacin da ake fara karatun digirin digirgir. Kafin kumbunan su isa mazauninsu su fara aiko da bayanai, za a ƙara wata da watanni. Waɗanda za su fassara bugun tamburan farko suna cikin aji a yanzu, a ƙasashe daban-daban. Ko za a samu ɗan Arewa a cikinsu, wannan ya rataya ne a kan abin da aka koya masa a darasin lissafi cikin shekaru goma masu zuwa.